BAƘIN HAYAƘIN INJI DA HAƘƘIN MAƘWABCI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya iska ta zama rahama ga bayinSa ba tare da sun biya ko anini ba. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan wata muna so mu jawo hankalinmu ga wata cuta da ta zauna a tsakiyar garuruwanmu, muka saba da ita har muka daina ganinta. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta ratsa Moriki ta nufi Shinkafi, ko ya tsaya a tashar Zurmi da hantsi, ya san abin da muke nufi. Gingimari ce ta ɗauko lodin da ya fi ƙarfinta, tana tafe tana nishi, tana fesa baƙin hayaƙi a kan mai tuyar ƙosai da mai shayi da almajirin da ke gefen titi. A cikin unguwa kuwa injin niƙa ne ke ruri tun daga safe har la'asar, salansarsa a cikin rumfa, 'yan mata ƙanana sun jeru da ƙoren dawa da gero suna jiran layi, hayaƙin yana shiga idonsu da ƙirjinsu. A fadamun Gagare da Bunsuru injin ban-ruwa ne, a bakin kasuwa janareto ne, a wajen aikin hanya katafila ce da tifa. Babu mai musun amfanin waɗannan injuna, domin da su ake ci, da su ake noma, da su ake fatauci. Maganarmu a kan hayaƙinsu ce, da kuma wanda yake shaƙarsa alhali ba shi ne ya kunna ba, ba kuma aljihunsa ribar take shiga ba.

MENE NE A CIKIN HAYAƘIN?

Injin gas, wato dizal, ba ya aiki da fulogi kamar injin fetur. Iska yake zuƙa ya matse ta har ta yi zafi ƙwarai, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da wuta. Idan iska ta wadata, feshin man kuma ya yi laushi kamar raɓa, sai man ya ƙone sarai, hayaƙin da zai fito ya zama kaɗan. Idan kuwa iskar ta gaza, ko man ya yi yawa, ko nozul ya ci har ya koma ɗiga maimakon feshi, to wani sashe na man ba zai ƙone ba, sai ya fito a matsayin kunkunniya. Wannan shi ne baƙin hayaƙin da muke gani. Kanikawa sun san launukan hayaƙi kamar yadda likita ya san alamomin ciwo. Baƙi yana nuna mai ya rinjayi iska. Shuɗi yana nuna ringi ya ci, inji yana shan baƙin mai yana ƙona shi. Fari mai kauri kuma yana nuna man bai kama da kyau ba, ko ruwa yana shiga inda bai kamata ba.

Abin da ido yake gani shi ne mafi sauƙi. A cikin hayaƙin akwai ƙwayoyi ƙanana waɗanda kaurin silin gashin mutum ya ninka nasu kamar sau 30. Gashin hanci ba ya tare su, majina ba ta riƙe su. Suna wucewa har ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantarsu ma su kan tsallaka cikin jini. Daga nan ne suke tayar da asma, su jawo tari mai naci da ciwon huhu, su ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A watan Yuni na 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta sanya hayaƙin injin dizal a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, rukunin da taba sigari take ciki. Ita kuma Hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a duniya a shekarar 2019 kaɗai, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Yaro ya fi babba cutuwa, domin numfashinsa ya fi sauri, huhunsa bai gama ƙosawa ba, kuma tsawonsa daidai yake da bakin salansa. To wa muke aika wa injin niƙa? Yara. Wa yake talla a tasha a tsakanin manyan motoci? Yara. Sannan ga hunturu, lokacin da iska mai sanyi take kwantawa a ƙasa da asuba, hayaƙi ya kasa tashi sama, ya haɗu da ƙurar hazo ya tsaya a cikin gari. A lokacin ne za ka ji gida-gida ana tari, a ce sanyi ne. Sanyi yana da nasa kason, amma ba shi kaɗai ba ne.

DAGA INA MATSALAR TA FARO?

Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda, aka shekara da shekaru ana ɗora gyaɗa da auduga da fatu a jirgin ƙasa. Da harkar jirgi ta durƙushe, sai lodin ya koma kan titi, ya hau bayan motocin da mafi yawansu sun gama ƙuruciyarsu a Turai kafin su iso mana ta Kwatano ko Ikko. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. A 2024 hukumar ta sake fitar da wani a kan manyan motoci, inda ta ce su ne suke fitar da fiye da kashi 60 cikin ɗari na waɗancan ƙananan ƙwayoyi da ke tashi daga ababan hawa a kan tituna, duk da ƙarancin adadinsu idan aka gwama da sauran motoci.

Na biyu shi ne man kansa. A cikin gas akwai farar wuta, kuma gwargwadon yawanta gwargwadon ƙazantar hayaƙin da saurin cin inji. Tun 2009 ƙasashen Turai suka taƙaita ta zuwa kashi 10 cikin miliyan. Mu kuwa a Nijeriya, har zuwa 2016 ma'auninmu ya yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, wato ninki 300. A watan Satumba na waccan shekara wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai suke haɗa man da doka ta hana sayarwa a ƙasashensu, su loda shi a jirgin ruwa su kawo Afirka ta Yamma. A watan Disamba na shekarar, a Abuja, Nijeriya da Binin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka yi alkawarin daina karɓar irin wannan mai. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan, Dokar Man Fetur ta 2021 kuma ta ɗauki wannan ma'auni. Wannan ci gaba ne, muna yaba shi. Sai dai doka a takarda daban, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu daban. Akwai gas ɗin da ake dafawa a ɓoye a dazuzzukan yankin Neja Delta, wanda hayaƙin dafa shi yana cikin abin da ya lulluɓe Fatakwal da kunkunniya tun daga ƙarshen 2016. Akwai kuma masu algus, masu gauraya gas da kananzir ko da tsohon baƙin mai. Wanda ya sayi irin wannan don ragin 'yan nairori, ya sayi lalacewar nozul da famfo da kuɗinsa.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafarmu, shi ne sakacinmu. Matatar iska ta toshe da ƙurar rani, maimakon a wanke ko a sake sai a cire ta a jefar. A kai mota gareji a ce a buɗe famfo don ta ƙara ja, sai ta ƙara hayaƙi fiye da yadda ta ƙara ƙarfi. Motar da aka ƙera don tan 10 a ɗora mata abin da ya kusa ninka haka. Direba ya bar inji yana aiki a tasha, shi kuwa yana can yana cin tuwo ko yana ciniki. Motocin da suka zo da matatar hayaƙi a cikin salansarsu, sai a fasa a cire ta a sayar saboda ƙarfe mai daraja da ke ciki. Duk waɗannan ba Bature ne ya yi mana ba.

ABIN DA MALAMAN FIƘIHU SUKA FAƊA

Wani zai yi zaton wannan magana ce ta 'yan boko, babu ruwan addini da ita. Wannan kuskure ne. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, shi ne kuma na 32 a cikin Arba'una Hadisi ta Imamun Nawawi, wadda yaranmu suke haddacewa a Islamiyya. A kansa malamai suka gina ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya kawo cewa ana hana mutum ƙirƙiro abin da zai cuci maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne. Shaihu Halil kuwa a cikin Muhtasar ya ambaci hayaƙi da sunansa. Ya lissafa shi cikin abubuwan da alƙali yake hukunta a hana, ya ba da misali da hayaƙin gidan wanka, ya haɗa da warin majema da masussukar da aka kafa a gaban gidan wani, domin ƙaiƙayinta yana shiga masa gida.

A birnin Tunis, a ƙarni na takwas na Hijira, an yi wani magini masani da ake kira Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba ƙararrakin maƙwabta ya kawo musu bayani. Ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, a cikinsa ya rarrabe hayaƙi gida biyu. Hayaƙin girkin gida ba a hana shi, domin babu mai iya rayuwa ba tare da shi ba, kuma yana zuwa ya wuce. Hayaƙin sana'a mai dawwama kamar na gidan wanka da tanderun haya kuwa, idan aka ƙirƙiro shi a kusa da mutane ya cuce su, ana hana shi. Ya tattauna har da dutsen niƙa da dabba take juyawa, wanda girgizarsa take cin katangar maƙwabci. To ya 'yan'uwa, idan wannan shi ne hukuncin hayaƙin itace da ƙaiƙayin gero, mene ne hukuncin hayaƙin da likitoci suka tabbatar yana kawo ciwon daji?

Zamfara ce jihar farko da ta ƙaddamar da Shari'a a 1999. Shari'a kuwa ba ta tsaya ga haddi ba. Babin haƙƙin maƙwabci Shari'a ne, babin hana algus Shari'a ne, kuma tun asali aikin mai hisba ya haɗa da duba ma'auni da tanderu da hanyoyin kasuwa. Mu ma da muke wannan rubutu ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka girke janareto a bakin ƙofar masallaci ko a jikin tagar ajin Islamiyya, muna wa'azi a kan tsarki, hayaƙi yana shiga sahun yara? Gyara daga gida yake farawa.

DARASIN DA BAI KAMATA MU MANTA BA

A 2010 jiharmu ta ga abin da inji a cikin gida yake iya yi. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, an riƙa niƙa dutsen zinariya da injin niƙan hatsi a tsakiyar gidaje. Dutsen yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta bi tsakar gida da tukwane da hannun yara. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Iyayen nan ba su yi nufin cutar da 'ya'yansu ba, abinci suke nema, kuma babu wanda ya gaya musu. Cikin matakan da suka tsayar da mace-macen akwai fitar da aikin niƙan daga cikin gari zuwa bayan gari, da sa hannun sarakuna da masu unguwanni. Hayaƙin gas ba ya kisa cikin makonni kamar dalma, a hankali yake ci, shi ya sa ba a kafa masa kwamiti. Amma darasin ɗaya ne: wurin da aka kafa inji yana iya zama bambanci tsakanin lafiya da jinya.

AMSA GA MASU CEWA BA LOKACINSA BA NE

Mun san za a ce mana: mutanen Zurmi da Shinkafi da Moriki suna kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, gonaki sun gagara, ana biyan kuɗin fansa, ku kuma kuna maganar hayaƙi? Mun ji, kuma ba mu raina wannan musiba ba, Allah Ya kawo mana ƙarshenta. Amma mu duba da kyau. Rashin tsaro ya kwaso mutanen ƙauyuka ya cusa su cikin garuruwa, gidan mutum 10 ya koma na 30, masu shaƙar hayaƙin sun ƙaru. Kuma yaron da numfashinsa ya sarƙe da tsakar dare, wa zai ɗauke shi ya hau hanyar Ƙaura ko Gusau a wannan hali? Inda zuwa asibiti ya yi wuya, nan ne riga-kafi ya fi zama wajibi. Ƙari a kan haka, maganin ɗan bindiga ya fi ƙarfin mai unguwa, amma maganin salansar injin niƙa bai fi ƙarfin mai walda ba.

Za a kuma ce mai inji talaka ne, ina ya ga kuɗin gyara? Amsa ita ce, baƙin hayaƙi mai ne wanda aka saya da kuɗi bai ƙone ba. Litar gas da take ƙasa da naira 300 a farkon 2022 ta haura naira 700 kafin tsakiyar shekarar, ta wuce naira 1,000 a ƙarshen 2023. Duk mai injin da yake kallon baƙin hayaƙi yana fita daga salansarsa, ribarsa yake kallo tana bin iska. Wanke matatar iska ba ya cin komai sai lokaci. Gyaran nozul kuwa kuɗinsa yana dawowa daga man da aka tsimi. A nan maslahar mai inji da ta maƙwabcinsa sun haɗu wuri ɗaya.

KIRANMU

Muna kira ga masu injin niƙa da na casa da su fitar da salansa daga cikin rumfa, su ƙara mata bututu ta haura saman rufi, bakinta ya kauce wa tagogin maƙwabta. Su yi wa masu jiran layi inuwa nesa da injin, ta ɓangaren da iska take fitowa. Su riƙa sauya baƙin mai a kan lokaci, su daina zubar da tsohon a kwata ko kusa da rijiya. Wanda zai kafa sabon inji ya nemi yardar maƙwabtansa tukuna, kada ya kafa a jikin makarantar allo ko asibiti ko ɗakin kwanan mutane.

Muna kira ga direbobi da masu motoci da su ji tsoron Allah game da lodi, su kashe inji idan tsayuwa za ta yi tsawo, su guji man da ba su san asalinsa ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suna da ikon hana mota lodi idan ba ta biya kuɗin tasha ba. Wannan ikon ya isa ya hana motar da ke turnuƙe tasha ɗaukar layi har sai ta je gareji.

Muna kira ga kanikawa da su riƙe amanar sana'arsu. Kada su buɗe famfo fiye da ƙima don faranta wa direba, kada su cire matatar iska ko ta hayaƙi, su gaya wa mai mota gaskiyar abin da ke damun injinsa. Su kansu da yaran da suke koyon aiki a hannunsu su ne farkon masu shaƙa, saboda haka kada a tayar da inji a cikin rufaffen wuri.

Muna kira ga sarakunanmu da hakimai da masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi da su ware wa injuna wuri a gefen kasuwa ko bayan gari, su kuma naɗa amintattun kanikawa masu duba ƙorafin maƙwabta, kamar yadda alƙalan Tunis suka yi da Ibnur Rami. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da na gas tun 2011. Muna son mu ga aikin waɗannan ƙa'idoji a hanyoyinmu. Injunan da gwamnati da 'yan kwangilarta suke kawowa aikin hanya su ne ya kamata su fara zama abin koyi.

Muna kira ga mawadata da ƙungiyoyin manoma da su duba famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ba ya shan mai ba ya hayaƙi. Tsadarsa a farko take, kuma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar mutum 10 idan suka haɗa hannu. Wanda yake neman sadaka mai gudana, ya sanya wa masallaci ko Islamiyya sola a maimakon janareto.

Daga ƙarshe muna kira ga limamai da malaman Islamiyya da su shigar da wannan babi cikin huɗuba da karatu. Iyaye kuma su rage aika ƙananan yara wurin inji, musamman mai asma da mai tari, mai juna biyu ma ta nisanci wurin.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. An yi zamanin da fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasar nan yake ɗauke da dalma, aka ce ba za a iya rabuwa da ita ba. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, duniya baki ɗaya ta rufe babin a 2021. Abin da aka sa gaba da gaske yana yiwuwa da izinin Allah. Kowannenmu ya fara da injin da ke hannunsa, ya tambayi maƙwabcinsa ko hayaƙin yana damunsa, tun kafin ranar da maƙwabcin zai riƙe shi a gaban Ubangiji yana neman haƙƙinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cutar da bayinSa da saninmu ko ba da saninmu ba. Amin.